Tsakanin Magani da Maye: Wa Ke da Ikon Awo?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai tambaya guda mai fuska biyu da nake so mu duba a wannan mako. Fuska ta farko ta uba ce wanda likita ya rubuta wa ɗansa wata 'yar ƙwaya ta zaburar da ƙwaƙwalwa, daga baya ya ji cewa dangi ɗaya take da ƙwayar nan da ta lalata samari tun muna yara. Shin ya halatta ya ba ɗansa? Fuska ta biyu kuwa ta ɗan ƙwadago ce a fadamar Gulma ko ta Argungu, wanda yake cewa in ta halatta ga yaro don ya yi karatu, me zai haramta masa ita, alhali shi ma ba nishaɗi yake nema ba, ƙarfin neman halal yake so?

Bari mu fara da sanin cututtukan, domin ba a yanke hukunci kan abin da ba a san siffarsa ba. Ta farko lalura ce ta rashin natsuwa da kasa tattara hankali. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san irin yaron: ba daƙiƙi ba ne, wani lokaci ma ya fi sa'o'insa kaifin basira, amma ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya kai ƙarshen layi, ana magana yana tsoma baki, yau ya ɓatar da alƙalami gobe takalmi. Mu malamai mukan ce ƙiriniya ce, mu ɗauko bulala, bulalar kuma ba ta ƙara masa kome sai ƙin makaranta. Masana sun ƙiyasta cewa wajen yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita. Ba kowane yaro mai rawar kai ne yake da ita ba, shi ya sa gano ta aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, irin waɗanda ake samu a asibitin gwamnatin tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato.

Ta biyu ita ce barcin farat ɗaya, wanda likitoci ke kira nakolefsi, sunan da wani likitan Faransa, Gélineau, ya laƙaba mata a 1880. Kada mai karatu ya haɗa ta da ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa, wannan dabam ne. Mai ita barci kan sace shi da rana tsaka, yana cin abinci, ko yana tsakiyar magana, ko yana cikin sahu. Waɗansunsu in suka yi dariya mai ƙarfi sai gwiwoyinsu su saki su zube, hankalinsu kuwa yana nan. A wurinmu akan ce ragwanci ne, ko a ce iskoki ne. Amma daga 1998 zuwa 2000 masu bincike sun gano cewa mafi yawan masu zubewar nan sun rasa wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa mai suna oreksin, wanda aikinsa riƙe mutum a farke. Ana samunta ga kamar mutum 1 cikin 2,000. To, ka ƙaddara mai wannan cuta masunci ne shi kaɗai cikin kwalekwale a gulbi, ko direba ne ɗauke da fasinja a hanyar Birnin Kebbi. Nan za ka gane cewa zancen maganinta zancen rai ne.

Magungunan kuwa sun daɗe. An fara haɗa amfetamin a Jamus a 1887, aka soma ba masu barcin farat ɗaya shi a 1935. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya ba yara 30 masu wuyar sha'ani, sai ya ga abin mamaki: maimakon maganin zaburarwa ya ƙara musu rawar kai, wajen rabinsu sai suka mai da hankali ga karatu. A 1944 aka haɗa ƙanensa, metilfenidet, wanda aka fi sani da sunan Ritalin. Amma tun a wancan zamani ɗaya fuskar ta bayyana. A Yaƙin Duniya na Biyu an raba wa sojojin Jamus miliyoyin ƙwayoyi na wannan dangi don su kwana suna tafiya, bayan yaƙi kuma ƙasar Japan ta cika da waɗanda ƙwayar ta kama har sai da aka kafa mata doka a 1951. Daga bisani yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1971 ta sa su cikin magungunan da ba a bayarwa sai da takardar likita. Mu ma nan Arewa mun ga namu rabon a shekarun 1970 da 1980, lokacin da manoma da direbobi da 'yan dako suka riƙa haɗiyar ƙwaya, kafin a kafa hukumar NDLEA a 1989.

To, mene ne hukuncin? Uban yaro yana da hujja mai ƙarfi, kada a raina ta. Ya ji hadisin da ya nuna cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ya kuma ji cewa da aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yin magani da giya, ya bayyana cewa ita cuta ce ba magani ba. In ƙwayar nan giya ce a hukunci, to magana ta ƙare, ko miligiram ɗaya bai halatta ba.

Sai dai malamanmu na Malikiyya ba su tara duk abin da ke taɓa hankali cikin kwando ɗaya ba. Imam Ƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 684 bayan Hijira, ya rarrabe su gida uku cikin littafinsa Alfuruƙ. Akwai muskir, watau abin da ke gusar da hankali tare da annashuwa da ɗagawar rai, kamar giya. Akwai mufsid, mai rikita hankali ba tare da wannan annashuwa ba. Akwai kuma murƙid, mai gusar da hankali da ji da gani gaba ɗaya, kamar allurar barci da ake yi kafin fiɗa. Ya nuna cewa hukunci uku sun keɓanta da na farko kaɗai: haddi, da najasa, da haramcin ɗan kaɗan. Sauran biyun abin da aka haramta daga cikinsu shi ne gwargwadon da zai taɓa hankali. Kan wannan ne masu sharhi na baya suka halatta ɗan abin da bai kai ya ɓata hankali ba daga irin su ofiyom, saboda magani.

Wani ɗalibi mai kaifin ido zai ce: ai amfetamin in an sha da yawa yana kawo annashuwa da jin ƙarfin zuciya, ashe bai shiga gida na farko ba? Tambaya ce mai kyau, ko tabar wiwi ma malamai sun saɓa kan gidan da za a sa ta, Ƙarafi ya ce mufsid ce, waɗansu suka ce muskir. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne a dubi abin da awon likita ke aikatawa a jikin mara lafiya. Giya, kurɓin farko mataki ne na hanyar da ƙarshenta maye, ba ta gyara hankalin kowa. Wannan magani kuwa, a ɗan awon da ake bayarwa, hankalin da ya warwatse yake tattarawa, idon da barci ya rinjaya yake buɗewa. Shari'a ta haramta giya ne don tsare hankali. Ba zai yiwu a ɗauki hukuncin da aka kafa don tsare hankali a hana mara lafiya abin da zai komo masa da nasa ba.

Amma kowane allazi da nasa amanu. In halaccin ya rataya ne ga awo, to awon ya zama wani yanki na hukuncin, ba shawarar likita ba ce kurum da mutum zai bi in ya ga dama. Akwai hadisi cikin Buhari da Muslim na mutumin da ya kawo kukan ciwon cikin ɗan'uwansa, Annabi ya umurce shi ya shayar da shi zuma. Ya je ya dawo ya ce abin bai yi sauƙi ba, aka sake umurtarsa, har sau uku ko huɗu, sa'an nan ɗan'uwan ya warke. Ibnul Ƙayyim ya ciro daga nan cewa lalle magani ya kasance da ƙima daidai da cutar, in ya gaza ba zai kawar da ita ba, in ya zarce zai raunana jiki ya haifar da wata. Ni kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙafar mutumin. Kowane ƙari sai da ya tako ya dawo wurin wanda ya ba da umurni. Bai zauna gida ya tuttula wa ɗan'uwansa tulun zuma don ya ga cokali bai isa ba. Zuma ke nan fa, wadda Alƙur'ani ya yaba.

Haka likitoci ke yi da metilfenidet. Ga yaro mai shekara 6 zuwa sama akan fara da miligiram 5, sau ɗaya ko biyu a yini. Bayan mako a duba, in da bukata a ƙara 5 ko 10, a sake dubawa, ba a kan wuce 60 a yini ba. Ba girman jiki kaɗai ke yanke awon ba, wani ƙato ɗan kaɗan ya ishe shi, wani siriri sai an ƙara. Ana auna bugun zuciya da hawan jini, ana auna tsawon yaro da nauyinsa lokaci lokaci, domin maganin yana rage cin abinci, yana iya hana barci, yana iya jinkirta girma. Inda aka samu amfani nan ake tsayawa. Masu barcin farat ɗaya kuwa yanzu an fi fara musu da wani mai suna modafinil, tare da tsara musu ɗan gajeren barci da rana, abin da mu muka sani da ƙailula.

Yanzu sai mu komo ga ɗan ƙwadago. Tun da noman shinkafa na rani ya bunƙasa a Kebbi, musamman bayan shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, aikin fadama ba ya yankewa, jinga kuma gwargwadon abin da ka gama ne. Ina jin tausayinsa, ba na kuma shakkar niyyarsa. Amma gajiya ba cuta ba ce. Gajiya ɗan aike ne da Allah Ya sa a jiki ya faɗa maka ka isa iyaka. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi, ɗan aiken take toshe wa baki, ƙarfin gobe ne ake ci yau. Sa'an nan babu mai auna masa: bana ɗaya, baɗi biyu, har ya kai ga rashin barci na kwanaki da zargin mutane da jin muryoyin da babu su. Yau kuma ana yawan shan taramol, wanda shi maganin zogi ne, ba na zaburarwa ba, amma darasin ɗaya ne. Wanda hukuma ta amince da shi miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa akwai mai 225 a ƙwaya guda. Binciken da aka fitar a 2019 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su taramol da kodin suka sha.

Wanda ya fi shi laifi shi ne mai gonar da ke jefa ƙwaya cikin shayin 'yan aikinsa don a gama masa girbi da wuri, da mai tallan magani a faranti ranar kasuwa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da shi ba, to alhakin ɓarnar na wuyansa. Wannan lamuni ne a duniya kafin na lahira.

Kada iyaye da malamai su ɗauka sun kuɓuta daga wannan. Uwar da ta ƙara wa yaro rabin ƙwaya don baƙi za su zo, da malamin da ya matsa a ƙara don ajinsa ya yi tsit, da yayan da ya ɗebi na ƙanensa daren jarrabawa, duk sun ci amanar awo. Maganin haƙƙin yaron ne, an ba shi don amfaninsa, ba don hutun manya ba. Haka wanda ya rage ko ya tsayar da shi don wani ya tsorata shi a majalisa, an gudu gara an faɗa gidan zago. A ajiye shi inda hannu ba ya kai, a ƙirga shi kamar yadda ake ƙirga kuɗin ajiya.

Saura batun azumi. Ƙwayar gajeren zango aikinta awa 3 zuwa 4 ne, ta dogon zango awa 8 zuwa 12. In an sha ta farko da sahur, ta ƙare tun hantsi, in an sha bayan buɗa baki, ta hana barcin dare. Abin da wasu ke yi, watau haɗa awon yini duka a haɗiye da sahur, kuskure ne mai haɗari. Yaron da bai balaga ba azumi bai hau kansa ba, ba shi da matsala. Baligi kuwa ya je wurin likitansa tun cikin Sha'aban. In za a iya sauya masa zuwa ta dogon zango, ya yi azuminsa. In likita amintacce ya ce barin maganin da rana zai cutar da shi ko ya jefa wasu cikin haɗari, to yana cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame, ya sha ya rama a kwanakin da ba ya aiki. Mai barcin farat ɗaya da barci ya ɗauke har lokacin salla ya fita, ba shi da zunubi, ya sallace ta da zarar ya farka. In barcin ya yi nauyi har abin da ke hannunsa ya faɗi bai sani ba, sai ya sake alwala, in gyangyaɗi ne mara nauyi, alwalarsa tana nan.

Allah ne Mafi sani.