Hukuncin Ziyartar Kufan Gidajen Ruhubanawa da Cin Abinci a Gidajen Abinci Lokacin Tafiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ziyartar tsofaffin gidajen ibadar ruhubanawan Kirista domin buɗe ido, da cin abinci a inda matafiyi bai san mai girkin ba, mas'aloli biyu ne da suka daɗe suna samun mutanen Parakou da Djougou a arewacin Jamhuriyar Benin. Garuruwan zangon fatake ne tun zamanin da ayarin goro ke bi daga Kano zuwa Gwanja. A kusa da Parakou akwai gidajen ruhubanawa biyu masu rai: Étoile Notre-Dame na mata, wanda aka kafa a 1960, da Kokoubou na maza, na 1972. Kufai kuwa sai an yi nisa: ɗaliban Azhar kan ga kangon gidan ruhubanawa na Simeon a Aswan, mazauna Faransa kuma kan ga na Cluny, wanda aka kafa a shekarar 910 aka rushe mafi yawansa bayan juyin juya halin 1789.

Asalin tafiya domin ganin gurbin mutanen da suka shuɗe halal ne. Alƙur'ani ya yi umarni da ita a wurare da dama, kamar aya ta 137 ta Ali Imrana da aya ta 42 ta Rum, domin mutum ya ga ƙarshen waɗanda suka gabace shi. Abin da ke sauya hukuncin niyya ce. Wanda ya je neman tubarraki, ko shafar bango da kabari, ko cika alwashi, ya fita daga halal, domin hadisin Buhari da Muslim ya keɓe ɗaura sirdi na ibada ga masallatai uku kaɗai.

Wasu na hana ziyartar kufai baki ɗaya da hujjar abin da ya faru a Hijir, garin Samudawa, a hanyar Tabuka shekara ta 9 bayan Hijira, inda Annabi (SAW) ya hana shiga gidajensu sai da kuka, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo, aka ba raƙuma ƙullun da aka kwaɓa da shi. Hadisin ingantacce ne, amma yana magana a kan wurin da nassi ya tabbatar azaba ta sauka. Gidan da yaƙi ko rashin mazauna ya mayar kufai bai shiga wannan ba. Aya ta 40 ta Suratul Hajji ma ta ambaci ɗakunan ruhubanawa da majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah ke kare su daga rushewa. Saboda haka rubutu a bangon kufai, ko ɓalle dutse, ko yi wa masu wurin izgili, ba ɗabi'ar Musulmi ba ce.

Game da shiga ciki, magabata sun saɓa. Buhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ƙi shiga majami'u saboda gumakan da ke ciki, Ibn Abbas kuma yakan yi salla a wadda babu gumaka. Ummu Habiba da Ummu Salama sun ba Annabi (SAW) labarin wata majami'a mai zane-zane da suka gani a Habasha. Ya zargi masu zanen, bai zargi matan da suka gani ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne halaccin shiga domin kallo, muddin ba lokacin ibadarsu ba ne, ba a rusuna wa gunki ko gicciye ba, ba a kunna kyandir ba. Barin ɗakin da ke cike da mutum-mutumi ya fi. Salla kuwa makaruhi ce a majami'a a mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala da Muhtasar na Halil, masu sharhi kuma suka bayyana cewa wanda ya yi ta a kufai ba ya ramawa. Matafiyi ya fita waje ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa mai tsarki.

Wuraren tsafi, irin na ƙauyukan Taneka da ke kusa da Djougou, hukuncinsu ya fi tsanani. Ganin gine-ginen ƙauye ya halatta, amma halartar yanka ko biyan kuɗin kazar da za a yanka wa dodo haramun ne, ko da ɗan rakiya ya ce al'ada ce kawai.

Mas'alar abinci ta fi ta kufai nauyi, ko da yake mutane sun fi sakaci da ita. A cikin Djougou da unguwannin Musulmi na Parakou, inda fawa ke hannun Musulmi, nama halal ne ba tare da bincike ba, bisa hadisin Nana A'isha a Buhari game da naman da ba a san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba: a yi bisimilla a ci. Tsananta tambaya ga mai tsire Musulmi munana zato ne. Idan aka gangara kudu wajen Kwatano, ko aka haura yankin Atakora, sai a duba wanda ya yi yankan. Yankan Kirista halal ne da aya ta 5 ta Ma'ida, da sharaɗin ya yanka ne ba maƙurewa ko bugewa ya yi ba, bai kuma yanka domin wanin Allah ba. Malikiyya sun ƙara cewa idan yana cin mushe, sai ya yi yankan a gaban Musulmi. Yankan mai bin addinin gargajiya ba ya halatta. Naman dajin da ake ƙyafewa a gefen titi ya fi kowane shakka, domin galibi tarko ne ya kashe shi.

Mafita tana da faɗi. Kifi halal ne ko wane ne ya kama shi. Haka ƙwai, wake, shinkafa da sakwara, in ba a haɗa miyar da naman alade ko kitsensa ko giya ba. Tambayar abin da ke cikin miya wajibi ce a gidan da ake sayar da alade. Wagashi, cukun Fulani da ake daskarar da shi da tumfafiya, babu shubuha a cikinsa. Kwanoni da tukwanen Ahlul Kitabi, bisa hadisin Abu Sa'alaba, a nemi wasu in akwai, in babu a wanke a ci.

Zama a teburin da ake shan giya, ta kwalba ce ko burkutu, haramun ne bisa hadisin Jabir a Tirmizi. Idan gidan abinci yana sayar da ita kuma akwai wani a kusa, a koma can. In babu, kamar yadda kan faru da direbobin manyan motoci cikin dare, matafiyi ya zauna a teburi daban, ko ya sa a ƙunsa masa abincin ya ci a cikin mota.

Allah ne Mafi sani.