Baƙon da Ba Ya Sauka

Akwai wani irin hutu da masu hali ke yi wanda ba a otal ake kwana ba. Mutum zai biya kuɗin mako guda ko kwana goma a cikin jirgin ruwa, nan zai ci, nan zai kwana, jirgin kuma yana ta yawo da shi daga wannan tsibiri zuwa wancan. Sau uku ko huɗu a rana sai ya goya tukunyar iska, ya sa gilashin fuska da takalman ninƙaya masu kama da ƙafar agwagwa, ya nutsa mita 20 ko 30 a ƙarƙashin teku don kallon kifaye da duwatsun murjani. Idan zai fito sai ya tsaya na minti uku a zurfin mita biyar, don iskar da ta taru a jininsa ta fice a hankali. Kuɗin tafiyar dubban daloli ne.

Wurin da masu wannan sha'awa suka fi mafarkin zuwa shi ne Raja Ampat, a gabashin Indonesiya, daf da tsibirin Papua. Ma'anar sunan ita ce Sarakuna Huɗu, wato manyan tsibiran Waigeo da Batanta da Salawati da Misool, waɗanda ƙananan tsibirai sama da 1,500 ke kewaye da su. Kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in murjanin da aka sani a duniya suna wannan ruwa. A shekarar 2012 masanin kifaye Gerry Allen ya ƙirga nau'in kifi 374 a nutso guda a wani wuri da ake kira Cape Kri. Su kansu jiragen abin kallo ne. Da yawansu na katako ne irin na pinisi, waɗanda masassaƙan Bulukumba da ke kudancin Sulawesi ke ƙerawa, sana'ar da UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2017. A da kayan fatauci suke ɗauka, yanzu an yi musu ɗakuna masu na'urar sanyaya iska.

Ban ga laifin son kallon halittar Allah ba. Wanda ya taɓa ganin bidiyon kifin manta, mai faɗi kamar babbar tabarma, yana shawagi a saman ɗan'adam, ya san abin da ke jan mutane can. Tambayar da ke damuna daban ce: shin mutum zai iya zama baƙo a inda ba shi da mai masauki?

A wajenmu baƙunci alaƙa ce ta mutum biyu. Ka yi sallama, a amsa, a kawo maka ruwa, a yi maka shimfiɗa. Daga wannan lokacin akwai haƙƙi a kanka, akwai kuma haƙƙi a kan mai gida. Mukan ce baƙo raɓa ne, to amma ita raɓa ai a kan ciyawa take sauka, tana jiƙa ta kafin rana ta ɗauke ta. Jirgin nan kuwa an tsara shi ne yadda ba sai ya sauka a kan kowa ba. A birnin Sorong yake lodin abinci da mai. Yana da injin wutarsa, yana tace ruwan teku ya mai da shi na wanka. Galibi kamfanin da ya mallake shi yana Bali ko Jakarta ko wata ƙasar waje. Baƙon zai biya kuɗin shiga yankin da aka killace, wannan gaskiya ne, amma yana iya yin kwana goma a ruwan wasu mutane bai san sunan ko da mutum ɗaya daga cikinsu ba. In an yi sa'a a tsaya awa guda a wani ƙauye, yara su yi waƙa, a ɗauki hoto, a koma jirgi kafin abincin dare.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma rabin aikinmu ɓoye wahala ne. Kana danna maɓalli guda a waya kuɗi ya tafi, ba ka ganin kwamfutoci nawa suka yi magana da juna, ba ka kuma buƙatar gani. Idan mun ɓoye komai da kyau sai a ce mun iya aiki. Jirgin masu nutso ma haka yake: ka biya, a ba ka teku tsantsa. Bambancin shi ne abin da aka ɓoye a nan mutane ne masu gonaki da kwale-kwale da bashi da 'ya'ya a makaranta. Tallace-tallacen tafiyar suna yawan cewa wuri ne mai nisa wanda hannun ɗan'adam bai taɓa ba. Nisa daga wa? Ga mai kamun kifin Arborek, Landan ce mai nisa.

Maganar cewa hannu bai taɓa wurin ba ita ce ta fi ba ni haushi, don hannu ne ya kiyaye shi. Mutanen waɗannan tsibirai suna da wata al'ada da ake kira sasi. Dattawa, a wasu ƙauyukan har da shugabannin coci, sukan rufe wani yanki na teku su hana kama wasu halittun ruwa na tsawon watanni ko shekara, sai sun hayayyafa a buɗe. Ɗan Argungu ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda haka ake barin ruwan Matan Fada ya huta har ranar bikin kamun kifi. Wato wani ɓangare na yalwar da baƙon ya zo kallo haƙurin wani ne da ya ga abinci a gabansa ya ƙi ɗauka.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Kafin masu nutso su yawaita, jiragen kamun kifi daga wasu yankuna suna zuwa da nakiya da guba, wasu kuma suna yanke fikafikan kifin shak su jefar da sauran jikin. Kuɗin masu kallo ne ya sa kifi mai rai ya fi matacce daraja. A 2005 wasu masu harkar nutso suka ƙulla yarjejeniya da shugabannin ƙauyukan Misool aka killace wani yanki da ba a kamun kifi ko kaɗan, aka ɗauki 'yan ƙauyukan aikin sintiri, kifayen kuma suka dawo. A 2013 hukumar Raja Ampat ta kafa dokar kare shak da manta a ruwanta baki ɗaya. Sai dai a lura, waɗanda suka yi aikin Misool sauka suka yi. Sun zauna da dattawa, sun karɓi hayar wurin daga masu shi, sun gina masauki a ƙasa inda za a iya zuwa a same su idan sun saɓa alkawari. Jirgi kuwa anka yake ɗagawa ya tafi. A watan Maris na 2017 wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Caledonian Sky, wanda ba na masu nutso ba ne, ya hau kan murjani kusa da Kri ya murƙushe sama da murabba'in mita 18,000. Fasinjojinsa sun ci gaba da tafiyarsu, masu kamun kifin wurin kuma aka bar su da tarkace.

Shekarar 2025 ta fito da abin fili. Indonesiya ce kan gaba a duniya wajen haƙar ƙarfen nikel, wanda ake sarrafa baƙin ƙarfe marar tsatsa da baturan motocin lantarki da shi, kuma haƙar ta iso wasu tsibiran Raja Ampat. A watan Yuni hotunan tsaunukan da aka ƙwaƙule suka mamaye intanet, mutanen da ba su taɓa zuwa wurin ba suka yi ta kururuwa a cece shi, gwamnati ta soke lasisin kamfanoni huɗu ta bar na tsibirin Gag. Hotunan da masu nutso suka yi shekaru suna ɗauka sun taimaka wajen wannan nasara, ba shakka.

Amma ba duk 'yan tsibiran ne suka yi murna ba. Da yawa daga cikinsu sun tsaya tare da masu kare muhalli, musamman waɗanda ke da ƙananan masaukan baƙi na katako a bakin ruwa, inda kuɗin baƙo ke shiga hannun iyali kai tsaye. Wasu kuwa daga cikin al'ummar Kawei, waɗanda 'ya'yansu ke karɓar albashi a wurin haƙar, sai suka tare hanyar Wayag, tsibiran nan masu kama da tulin ƙwallaye kore da hotonsu ke kan kusan kowace tallar Raja Ampat. Ruwan nasu ne a bisa al'ada, suka ce ba mai shiga. Ni dai ina ganin haƙar nikel a irin wannan wuri ɓarna ce da ba ta da gyara. Duk da haka na kasa ganin laifin mutumin da ya shekara yana kallon jiragen alfarma suna wucewa ta ƙofar gidansa, sannan aka ce masa aikin da ke ciyar da iyalinsa shi ne zai tsaya don ruwan ya ci gaba da yin kyau a hoto. Hukumar yankin ta sanar da rufe Wayag na wani lokaci, jiragen da suka sa wurin a jadawalinsu kuma dole suka sauya hanya.