Tumaki da Haƙƙin Makiyaya

Malamanmu na fiƙihu a zaurukan Birnin Zazzau sun yi dogon bayani a kan zakkar tumaki, cewa nisabinta arba'in ne, haka kuma a kan shekarun ragon layya da aibobin da ke hana shi isarwa; amma akwai wata mas'ala da ban cika jin ana warware ta ba, wato ko ya halatta mai garke ya cinye makiyaya har saiwa, bisa hujjar cewa ciyawar daji ba ta da mai ita.

Makiyayan duwatsun ƙasar Niyuzilan, masu kiwon tumakin Marino saboda laushin ulunsu, sun ɗanɗani amsar da wahala, domin bayan kakanninsu sun yi ta cinna wa daji wuta suna cika shi da dabbobi har ƙasa ta soma zaizayewa, sai jikokin suka koma ƙidaya garke gwargwadon abin da dutse zai iya ɗauka, su hau da shi lokacin ɗumi, su sauko da shi kafin ƙanƙara. Namu tumakin, 'Yanƙasa da Uda da Balami, gashi Allah ya yi musu ba ulu ba, kuma ko da aka gwada barbararsu da Marino a Katsina, ulu bai zama sana'ar ƙasar Hausa ba. Gonar dabbobi ta Shika, wadda aka kafa a 1928 nan kusa da mu, ta daɗe tana nazarin waɗannan iri namu. Sai dai ko ulu ake nema ko nama, ƙasa ce ke biyan bashin.

Shari'a ba ta yi shiru ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u ya zama hurumi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Hadisi ya sanya mutane abokan tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma abin da aka yi tarayya a cikinsa, a ganina, amana ne, wanda ya ɓata shi ya ci haƙƙin maƙwabcinsa da na jikan da ba a haifa ba tukuna. Da wannan fahimta magabata suka bar hurumi a bayan gari da burtali tsakanin gonaki, har ma da filaye a cikin ganuwa, wajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, inda tumakin gida ke kiwo da rana su dawo turke su ci harawa da dusa. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙarfafa wannan da dokar makiyaya ta 1965.

Yau gine-gine sun ci filayen, gonaki sun ci burtali, kuma abin yana sosa mini rai ƙwarai. Manomin da ya shuka dawa a kan hanyar dabbobi da makiyayin da ya tara abin da daji ba zai ɗauka ba, laifinsu iri ɗaya ne, kuma wajibi ne hakimai da masu unguwanni su tsayar da iyakokin hurumi kamar yadda alƙali ke tsayar da iyakar gado.