Kiran Mai Bukata: Haƙƙi Ne Ko Alfarma?

A watan Agusta na shekarar 2021 kamfanin sadarwa na Telstra, a ƙasar Ostireliya, ya sanar cewa duk wanda ya shiga rumfar tarho ta bakin titi zai iya kiran kowane layi na cikin ƙasar ba tare da biyan ko sisi ba. Rumfunan sun kai wajen 15,000, a da kuwa kira ɗaya yakan ci senti 50. Shugaban kamfanin na lokacin, Andrew Penn, ya bayyana cewa a shekarar da ta gabaci wannan an yi kira kusan miliyan 11 daga rumfunan, fiye da 230,000 daga cikinsu zuwa lambobin neman agaji ne.

Wani zai tambaya: a ƙasa mai wadata, inda kusan kowa yake da wayar hannu, wa yake bukatar tarhon titi? Amsar tana da nauyi. Akwai mai kwana a waje, wanda ba shi da inda zai sa wayarsa caji. Akwai matar da ta gudu daga hannun miji mai duka, wanda ya ƙwace wayarta ko yake bin diddigin duk wanda ta kira. Akwai 'yan asalin ƙasar da ke zaune a ƙauyuka masu nisa. A lokacin gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 kuma, da lantarki da layukan wayar hannu suka katse, an ga mutane sun yi jerin gwano a bakin rumfunan domin su shaida wa danginsu cewa suna da rai.

To, a nan tambayarmu take: damar kiran wani haƙƙi ce ta kowane ɗan Adam, ko kuwa haja ce ta mai kuɗi kaɗai?

Masu ja suna da hujja, bai kamata mu raina ta ba. Sun ce abin da aka samu a banza, a banza yakan lalace. Sun ce kuma babu kyauta ta ainihi, gama dole wani ya biya kuɗin gyara da na lantarki. Gaskiya ne. A Ostireliya ma, gwamnati tana biyan kamfanin kuɗi domin ya kula da rumfunan, wato jama'a ne suke ɗaukar nauyin tare.

Amma ai haka ake yi da rijiyar gari da fitilar kan hanya. Ba a tsayar da matafiyi a ce ya biya kafin haske ya same shi, domin kowa ya yarda akwai abubuwan da rashinsu yake jawo sauran rashi. Wanda ba zai iya kira ba, ba zai ji an ɗauke shi aiki ba, ba zai nemi ungozoma da tsakar dare ba, ba zai ji rasuwar mahaifiyarsa ba sai bayan an binne ta. Kuɗin kiran kaɗan ne, amma asarar rashinsa babba ce, kan mara ƙarfi kuma take faɗuwa. Saboda haka raba wannan ƙaramin nauyi a tsakanin jama'a adalci ne tun kafin ya zama jinƙai.

Mu ma a Najeriya mun san wannan. Bayan shigowar wayar GSM a 2001, masu sana'ar kira sun cika bakin hanya a ƙarƙashin laima, mutum ya biya kuɗin minti ya ji muryar ɗansa. Da wayar hannu ta yi araha, laimomin suka watse. Wanda har yanzu ba shi da waya kuwa ya rasa inda zai nufa. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu domin kai sadarwa wuraren da aka bari a baya, lambar gaggawa ta 112 kuma kyauta ce. Amma ina amfanin lambar kyauta ga wanda babu waya a hannunsa?

Kafin hukuma ta motsa, bari kowane gida ya bincika kansa. Yarinyar da take yi mana aiki, yaushe rabonta da jin muryar uwarta? Tsohuwar maƙwabciyarmu, ta san za ta iya ƙwanƙwasa ƙofarmu ta kira ɗanta ba tare da kunya ba? In mun ba da aron waya, mukan matsa gefe mu bar mai kira ya faɗi damuwarsa a asirce, ko mukan tsaya a kansa muna ƙirga minti?

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. A yau rabinta ya koma cikin waya, wanda aka hana shi waya kuwa an datse masa ƙafa ɗaya. Kada mu zama masu datsewar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.