Da wane mudu ake auna malami?

A jami'o'in zamanin nan darajar mai bincike tana da mudu. A shekarar 2005 wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ke haɗa yawan rubuce-rubucen malami da yawan ambaton da takwarorinsa suka yi musu. Da irin wannan lissafi ake ba da muƙami da kuɗin bincike. Sai dai tambaya tana nan: shin ambaton malamai shi ne amfanin ilimi?

Rayuwar Thomas Insel ta isa misali. Likitan taɓin hankali ne, kuma masanin ƙwaƙwalwa. A farkon shekarun 1990 ya yi bincike a kan wasu ƙananan ɓerayen daji na Amurka: wani jinsi namiji da mace kan manne wa juna, wani jinsin kuwa kowa gabansa yake yi. Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa bambancin yana da nasaba da wuraren da sinadaran oksitosin da basofiresin ke kamawa a cikin ƙwaƙwalwa. Aikin ya buɗe fagen nazarin shaƙuwa da zumunci ta fuskar halitta, aka yi ta ambatonsa. Daga 2002 zuwa 2015 ya shugabanci cibiyar ƙasa ta binciken lafiyar hankali a Amurka, inda ya karkata akalar aiki ga ƙwayoyin gado da hanyoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

A 2017 kuma shi da bakinsa ya yi wa kansa hisabi. Ya ce an kashe kimanin dala biliyan 20, an wallafa maƙalu masu ƙayatarwa, amma bai ga an rage kisan kai ba, ko yawan kwanciya asibiti, ko an kyautata samun sauƙin majinyata. Alƙaluman hukuma sun gaskata shi: tsakanin 1999 da 2017 yawan masu kashe kansu a Amurka, gwargwadon yawan jama'a, ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Ba a yanke wa ilimin asali hukunci da gaggawa, domin mai dasa dabino ba lalle ya ci ƴaƴansa ba. Sani da magani ma ba kullum suke tafiya tare ba. A 1952, a asibitin Sainte-Anne na birnin Pari, Jean Delay da Pierre Deniker suka fara ba masu taɓin hankali kilorfuromazin, marasa lafiya suka natsu, alhali sai bayan shekara goma aka fara gane alaƙarsa da sinadarin dofamin.

Aibin yana wurin alkawari. Idan aka karɓi dukiyar jama'a da sunan majinyaci, to majinyacin ya zama mai bin bashi, kuma ba a biyansa da yabon takwarori. Mudun Hirsch yana auna yadda malamai ke jin junansu; kukan uwar da ɗanta ke ɗaure a ɗaki ba ya shiga cikinsa.

A littafinsa na 2022, Insel ya koma ga abin da mai jinya ke buƙata kafin komi: mutane masu kula da shi, wurin zama, da dalilin rayuwa. Watakila wannan furuci ne mafi nauyi cikin gadonsa, domin samun malamin da mudu ya cika masa, ya kuma yarda ya ce mudun bai auna abin da aka ba shi amana ba, abu ne mai wuya.