Kyauta Ce ko Bashi? Tambaya Bayan Gobarar Daji

Sa'ad da wuta ta cinye gidan mutum da gonarsa, sa'an nan hukuma ta kawo masa kuɗi, da wane suna za a kira kuɗin nan? Waɗansu za su ce sunan ba kome, gama farashin kwanon rufi ɗaya ne ko da wane kuɗi aka saye shi. Amma sunan yana da nauyi ƙwarai. In kyauta ce, mai bayarwa ne yake yanke yawanta da ranar ba da ita, mai karɓa kuwa sai godiya. In bashi ne, hasarar wanda aka cuta ita ce ma'auni, kowace ranar jinkiri kuma ƙarin nawaya ce a wuyan mai biya. Abin da ya faru a jihar New Mexico ta ƙasar Amurka a shekara ta 2022 ya bayyana bambancin nan a fili.

Ran 6 ga Afrilu, 2022, ma'aikatan hukumar gandun daji ta gwamnatin tarayya suka cinna wuta da gangan a wani yanki na dajin Santa Fe. Nufinsu mai kyau ne. Irin ƙunar nan takan cinye busassun rassa da ciyayi tun da wuri, domin kada su taru su zama abincin babbar gobara. Amma iska ta taso, wutar ta kuɓuce musu. Akwai kuma wani tarin itace da hukumar ta ƙone tun watan Janairu, wanda garwashinsa ya kwanta a ƙarƙashin dusar ƙanƙara bai mutu ba, sai ya farka a cikin watan Afrilun. Wutar biyu suka haɗu suka zama ɗaya, wadda ake kira gobarar Hermits Peak da Calf Canyon. Ta cinye wajen hekta 138,000 da gine-gine fiye da 900, ta zama gobara mafi girma da aka taɓa rubutawa a tarihin jihar.

Yawancin mutanen da abin ya shafa a gundumomin Mora da San Miguel ƙauyawa ne, zuriyar masu jin Sifaniyanci waɗanda kakanninsu suka zauna a wurin tun kafin ƙasar ta shiga hannun Amurka a 1848. Dukiyarsu ita ce itatuwan daji, da makiyaya, da magudanan ban ruwa waɗanda jama'ar ƙauye suke haɗa hannu su gyara kowace shekara. Da damina ta zo, ruwa ya sauko daga tuddan da suka ƙone ba abin da zai tare shi, ya cika magudanan da toka da laka, har ya ɓata kogin Gallinas inda wani ƙaramin birni mai suna Las Vegas yake samun ruwan sha.

Da fari, taimakon da ya iso shi ne irin wanda hukumar agajin gaggawa, wato FEMA, takan bayar bayan kowane bala'i. Wannan taimako na jinƙai ne, yana da iyaka, gama a shekarar nan abin da iyali guda za su iya samu domin gyaran gida bai kai dala 40,000 ba. Ba a tsara shi domin ya mai da wa mutum dukan abin da ya rasa ba. Mutanen suka ƙi yarda a auna su da wannan mudu, suka ce wanda ya cinna wutar shi ne ya zo da agajin. Ran 30 ga Satumba, 2022, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan wata doka ta musamman wadda ta keɓe dala biliyan 2.5 domin biyan diyya, a watan Disamba kuma aka ƙara har ya kai biliyan 3.95.

Ka'idar da mutanen nan suka tsaya a kai tsohuwa ce. Shari'ar Musa, a Fitowa 22:6, ta yi maganar wutar da ta kama ƙayayuwa ta bazu har ta cinye dammunan hatsi ko gonar wani, ta ɗora biya a kan wanda ya hura ta. Abin lura shi ne, dokar ba ta tambayi nufin mutumin ba. Manomin da ya sa wa sharar gonarsa wuta bai yi niyyar ƙone rumbun maƙwabci ba, duk da haka rumbun ya ƙone, iyalin maƙwabcin kuma za su kwana da yunwa. Kyakkyawan nufi yana rage girman laifi, yana hana a kira mutum mugu. Amma ba ya rage ko tiya guda daga hatsin da ya zama toka. Saboda haka wanda bai yi mugunta ba ma yana iya zama mai bashi a wuyansa.

Yarda da bashi mataki ne na fari, sauran aikin yana wajen awo. Ka'idojin biya da FEMA ta fara fitarwa an kwafo su ne daga na gobarar Cerro Grande ta shekara ta 2000, wadda ita ma ma'aikatan gwamnati suka jawo, ta kuwa ƙone gidaje a birnin Los Alamos. A can itace adon gida ne, don haka aka ƙayyade diyyarsa kada ta wuce kashi 25 cikin ɗari na darajar gidan da filinsa. A Mora kuwa itace shi ne makamashin hunturu, shi ne katakon sayarwa, shi ne gādon 'ya'ya. Sai da mutane suka yi kuka sosai kafin aka cire iyakar nan a 2023. Haka kuma hukumar ta ce ba za ta biya kome ba sai hasarar da ake iya lissaftawa da kuɗi, har wani alƙalin tarayya ya yanke a watan Disamba na 2024 cewa dokar ta haɗa da wahala da damuwar da mutane suka sha. A wuraren nan biyu kuskuren ɗaya ne: mai biya ya ɗauki ma'aunin da ya fi masa sauƙi, bai fara tambayar abin da mutumin ya rasa ba.

Sai batun jinkiri. Shekara guda bayan an sa hannu a kan dokar, abin da ya kai hannun mutane ɗan kaɗan ne daga cikin kuɗin. Akwai iyalai da yawa waɗanda ƙasarsu ta sauko daga kaka zuwa jika ba takarda, sai aka ce su kawo shaida. Jinkiri kuwa ba ya cin kowa daidai. Mai ajiya a banki yana iya jira shekara uku, tsohuwar da ba ta da kome sai gidan da ya ƙone ba ta iya jiran hunturu ɗaya. Ofishin da ya ɗauki kansa mai kyauta ba ya jin nauyin wannan, gama ba a yi wa mai kyauta gaggawa. Ofishin da ya san bashi yake biya zai nemi hanyar karɓar shaidar maƙwabta da dattawan gari inda takarda ta ɓace, domin shi ne ya kamata ya sha wahalar binciken.

Akwai masu jayayya da wannan, maganarsu kuwa ba ta banza ba ce. Suna cewa gwamnati ba ta da aljihun kanta, kuɗin da za ta biya harajin talakawa ne waɗanda ba su ga wutar ba. Gaskiya ne. Amma dajin nan da sunan jama'a duka ake lura da shi, amfanin ƙunar kuma da ya zo da na kowa ne. In amfanin na kowa ne, ba daidai ba ne hasarar ta tsaya a kan ƙauyuka kaɗan. Suna kuma cewa tsoron diyya zai sa ma'aikata su bar ƙunar rigakafi, daji ya cika da busassun itace, gobarar gaba ta fi ta baya. Lalle shugaban hukumar gandun daji, Randy Moore, ya dakatar da aikin na kwana 90 a watan Mayu na 2022. Amma bayan bincike aka koma aikin da ƙarin sharuɗa. Biyan diyya shi ne abin da zai sa ƙauyawa su sāke yarda a cinna wuta kusa da su.

Mai karɓa ma yana da nasa nauyi. Wanda ya ce bashi ake binsa da gaskiya, wajibi ne lissafinsa ya zama na gaskiya. In ya rubuta shanu goma alhali biyar suka mutu, ya saci rabon maƙwabcinsa, ya kuma ba ofis hujjar tsananta wa kowa. Mai fili kuma kada ya manta da waɗanda ba su da suna a takardar fili: ɗan haya, da mai saran itace, da makiyayin da yake kiwo a filin wani. Wuta ta ci abincinsu tare da nasa.

Ba kowace gobara ce take da wanda ya cinna ta ba. Inda tsawa ta kunna daji, ba wanda ake bi bashi, taimakon hukuma da na 'yan'uwa kuwa jinƙai ne, ya cancanci godiya. Dukansu biyu suna da wuri a zaman jama'a, abin da ba shi da kyau shi ne a musanya sunansu. Duk wanda aka danƙa wa rabon agaji bayan gobara, ko ma'aikacin gwamnati ne ko ɗan kwamitin ƙauye, ya kamata ya fara da tambaya ɗaya kafin ya buɗe littafin sunaye: wa ya hura wutar? In amsar ta komo kan gidan da yake yi wa aiki, sai ya tafi wurin mutanen da kansa, ya roƙi gafara, ya auna da mudunsu, ya biya tun ana bukata.