Ɗaura Ɗamara, Baƙo: Amana Ce Jarinka

Ɗan'uwa, kai da ka ɗaure jakarka za ka shiga mota zuwa garin da babu wanda ya yi maka alkawarin aiki a cikinsa, da kai nake. 'Yar'uwa, ke da ciniki ya tsaya a shagonki, ko aka sallami maigidanki daga aiki har zama ya gagara, kuka yanke shawarar kwasar yara ku koma wani gari, ke ma da ke nake. Akwai tambayoyin da ke hana ku barci: ina za mu sauka, me za mu ci, me mutane za su ce idan muka dawo hannu rabbana? Tambayoyi ne na gaskiya, kuma duk mai hankali sai ya yi su. Amma kada su karya muku gwiwa. Wanda ya tashi neman halal bai yi abin kunya ba, ko da a aljihunsa babu komai sai kuɗin mota.

Ba lalaci ne ya kawo ka nan ba. Tattalin arzikin Nijeriya ya faɗa cikin karayar arziki a 2016, bai gama farfaɗowa ba annobar korona ta sake kayar da shi a 2020. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura naira 1,000. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, har buhun shinkafa ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A Nijar kuwa, rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da hada-hada tsakanin Maraɗi da Jibiya, tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, na tsawon watanni. Manoman Zamfara, Katsina da Sakkwato da yawa sun bar gonakinsu ne saboda 'yan bindiga, ba don sun gaji da fartanya ba. Wanda irin wannan ya kora daga garinsu bai kamata ya sunkuyar da kai ba. Ya ɗaga kansa, ya dubi gaba.

Ka tuna kuma jinin wa ke gudana a jikinka. Kakanninmu fatake sun kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni, babu waya, babu banki, sai madugu a gaba da Allah a sama. Sawunsu ne ya haifi zangon Kumasi da Sabon Zango na Accra. 'Yan kasuwar shanu da goro ne suka kafa Sabo a Ibadan a 1916, kuma har yau Hausa ake ji a Agege da Idi-Araba, a unguwar Briketeri ta Yawunde, har Mai Wurno a bakin Kogin Nil na ƙasar Sudan. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, maraya ya tashi, fatauci ya kai shi har gaɓar teku a ƙasar Gana, kafin ya zauna a Kano ya kama cinikin gyaɗa bayan zuwan jirgin ƙasa. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Ba kowa zai zama Ɗantata ba, gaskiya ne. Amma dubban mutanen da tarihi bai rubuta sunansu ba sun bi wannan hanya, sun ciyar da iyali, sun gina gida, sun aurar da 'ya'ya. Ko cin rani da muka gada, mene ne in ba barin gida ba tare da aiki a hannu ba, a je a nemo shi inda yake?

Akwai ma misalin da ya fi wannan girma. Lokacin da Musulmi suka yi hijira daga Makka zuwa Madina a shekarar 622, Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya yarda da shi, ya baro dukiyarsa baya. Aka haɗa shi 'yan'uwantaka da Sa'ad ɗan Rabi'u, wanda ya yi masa tayin rabin abin da ya mallaka. Ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, ya zo ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Baƙo ne, ba shi da jari, garin kuma cike yake da 'yan gudun hijira irinsa. Abin da ya shiga kasuwa da shi shi ne sanin ciniki da gaskiyar da aka san shi da ita.

A nan zancen yake. A lokacin matsi, aiki ba ya zuwa ta allon sanarwa, ta bakin mutane yake zuwa. Mai shago da ribarsa ta ragu ba zai ɗauki wanda bai sani ba, amma zai ɗauki wanda wani amintacce ya tsaya masa. Haka tsarin yake tun zamanin Sabo ta Ibadan: mai shanu ya zo daga Arewa ya sauka gidan maigida, a sayar wa mahauta da shanun bashi, maigida ne ke tsayawa a tsakani da sunansa da mutuncinsa. Dukiya mai yawa ta yi ta juyawa a kan kalmar baki. Saboda haka kafin ka sayi tikiti, nemi mai masauki. Ɗan garinku ne, abokin karatun allo ne, surukin ƙanin babanka ne, kira shi, ka faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki, ka ji ta bakinsa. In babu kowa, kusan duk garin da Hausawa ke zaune akwai Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango, akwai limamin masallaci, akwai ƙungiyar 'yan kasuwa. Ka je ka gabatar da kanka da rana tsaka, ka faɗi sunanka da garinku da sana'arka. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Ka yi bincike kafin ka tashi, domin ƙarfin zuciya dabam, ganganci dabam. Wanda ya sayar da gona ya sayi babur don yin acaɓa ya sani cewa Abuja ta hana shi a tsakiyar birni tun 2006, Kano ta hana a 2013, Legas kuma ta hana a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, tun 1 ga Yuni, 2022. Wanda ke mafarkin masaƙa ya sani cewa Kakuri ta yau ba ta jiya ba ce. Masaƙar KTL da ke can ta rufe tun 2002. Ka tafi da katin ɗan ƙasa da duk wata takardar shaida, ka ware kuɗin komowa ka ɓoye shi inda ko yunwa ba za ta sa ka taɓa ba. Idan da hali, ka fara yin gaba kai kaɗai, iyali su zauna wurin dangi har ka sami ɗaki. Kada kuma ka sayar da gonar gado don kuɗin mota. Wadda ka ba da aro ko jingina tana nan tana jiranka.

To, ka iso. Mota ta sauke ka a tasha da asuba, ƙafafunka sun kumbura, idonka cike da barci. Yi alwala ka bi jam'i, sannan ka zauna a teburin mai shayi. Kada ka raina wannan benci. Nan direbobi ke karyawa, nan birkila ke jiran yaransa, nan ake jin wace tirela ce ta shigo da albasa, wane gini ne za a zuba wa dakin yau, wane Alhaji ne maigadinsa ya tafi gida. Ka gaisa da kowa, ka saurara fiye da yadda kake magana. Da gari ya waye za ka ga leburori jere a bakin titi, kowa da shebur da diga da kwanon sarki a gabansa, ido a kan duk motar da ta rage gudu. Idan ta tsaya aka ce ana son mutum biyar, kada ka tsaya tunanin wa zai gan ka. Miƙe. Da yamma, lokacin da aka damƙa maka kuɗin yininka, hannunka duk kanta, bayanka na ciwo, ka san cewa ka riga ka ci rabin yaƙin: ka ci abinci da guminka a garin da jiya ba ka san kowa ba.

Aikin farko ba shi ne na ƙarshe ba, ƙofa ce. A Dawanau ana sauke buhunan hatsi da riɗi kullum. A Mile 12 ana sauke kwandunan tumatir da tattasai tun kafin alfijir. Kantin Kwari da Singa na buƙatar mai dako da yaron shago, Ƙofar Ruwa da Dei-Dei na buƙatar mai ɗaukar rodi da katako, Panteka na buƙatar mai hannu. Komai tsananin matsi mutane ba sa daina ci, ba sa daina sha, takalmi na tsinkewa, waya na lalacewa, yara na buƙatar aski da kitso. Hasali ma, idan sabo ya yi tsada, mai gyara ne ke samun kasuwa. Tela mai ɗauke da kekensa a kafaɗa, ɗan garuwa da kurarsa, mai awara a bakin makaranta, mai tuwo-tuwo a tasha, duk suna cin abinci ne daga buƙatar da ba ta san karayar arziki ba.

Kai kuma mai digiri da ka gama bautar ƙasa kana yawo da takardu a leda, iliminka bai ɓace ba don ka tura baro ko ka zauna a rumfar POS. Ci gaba da kai takardun neman aiki, amma kada ka zauna jiran amsa. 'Yan kasuwa da yawa na neman wanda zai riƙe musu lissafi, ya rubuta rasit, ya tallata kaya a waya. Iyaye na neman mai koya wa yara darasi da yamma. Wanda ya iya karatu ya kuma iya aikin hannu, ƙofarsa biyu ce a kasuwa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Duk inda ka sami kafa, ka riƙe amana kamar yadda mai tallar ƙwai ke riƙe farantinsa a cikin cunkoso. An aike ka da naira dubu goma, ka dawo da canji ko da naira hamsin ce. An ce ka zo ƙarfe bakwai, a tarar da kai tun shida da rabi. Ka fasa kaya, ka faɗa da bakinka kafin a gano. Masu dukiya na gwada baƙo ba tare da ya sani ba: yau a bar kuɗi a kan kanta, gobe a bar maka shago a tafi sallar Azahar, jibi a ba ka kaya bashi ka kai ƙauye. Daga nan yaron shago ke zama mai tebur, mai tebur ya zama mai shago. Ka tuna kuma sunanka ba naka kaɗai ba ne. In ka ci amana, ka rufe ƙofa ga duk ɗan garinku da zai zo bayanka. In ka riƙe ta, ka buɗe wa goma.

Ka kiyayi masu cin kasuwar talauci. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takardar aikin gwamnati, ka riƙe aljihunka. Duk wanda ya yi maka romon baka da Libiya ko Aljeriya ta hamada, ka tuna Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. 'Yar'uwa, kada ki miƙa fasfonki ga wanda ba ki san asalinsa ba don an ce akwai aikatau a ƙasar waje. Ka guji ƙwaya da ake cewa tana ƙara ƙarfin aiki, da cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin yini cikin minti ɗaya. Abin da ka samu ka raba shi uku: na ci, na gida, na ajiya. Shiga adashi da mutanen da aka sani, ko da ɗari biyu ce a rana. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Za a yi kwanakin da za ka fita tun safe ka dawo ba ka sami ko sisi ba. Za a kira ka da sunan da ba naka ba, a yi maka kallon raini, wani ma ya zarge ka da laifin da ba ka san hawa ba balle sauka. Ka daure. Ka koyi gaisuwa da harshen mutanen gari, ka girmama dokarsu da al'adarsu, ka zauna lafiya da maƙwabcinka ko mene ne addininsa. Ka riƙa kiran gida kana faɗa musu gaskiya. Kada ka ci bashi don a ce ka samu. Mahaifiyarka addu'a za ta yi maka, ba dariya ba. Idan kuma ka yi iya ƙoƙarinka garin bai karɓe ka ba, komawa gida ko matsawa gaba ba faɗuwa ba ce. Fatake ma sukan sauya zango.

Ku kuma da kuka riga kuka zauna, Alhazan kasuwa da iyayen gida, mata masu ɗakin girki da shagon ɗinki, ku tuna ranar da kuka sauka daga mota ba ku san gabas ba. Wani ne ya shimfiɗa muku tabarma, wani ne ya ce "na tsaya masa". Yau bashin nan ya zo kanku. Ku buɗe zaure, ku nuna hanyar kasuwa, ku biya lebura haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe.

Saboda haka tashi, ɗan'uwa. Nemi albarkar iyaye, yi sallama da maƙwabta, ka ɗauki kayan aikinka ka fita da bismillah. Kana da lafiya, kana da hannu biyu, kana da sunan da ba ka ɓata ba, kuma mai nema yana tare da samu. Ka riga kowa zuwa wurin aiki, ka fi kowa gaskiya, ka bar sauran ga Mai arzurtawa. Allah ya buɗa maka ƙofofin alheri, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka zama mai masaukin wani gobe.